Kunnen Ado da Motar Marigayi Bala

Sharja, 9 ga watan Sha'aban

Zuwa ga Kawu Ado, garajin bayan tasha, Birnin Ƙonni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Kubura da duk mutanen gida. Ni ma lafiya nake, in ban da ciwon bayan da ba ya rabuwa da mai wuni ƙarƙashin mota. In ka bi ta unguwarmu ka gaishe mini da innata Zahara'u, ko da yake ita muna gaisawa a waya kowace Juma'a. A duk dangi kai kaɗai ka ɗora mini sayen biro da takarda. Shekara biyu ke nan kana cewa waya ta ƴan gulma ce, magana mai nauyi sai a rubuce. To ga ta a rubuce, Hajiya Hafsat mai fataucin turare za ta kawo maka.

Kawu, sai kwanan nan aka turo mini bidiyon tseren bara, wanda direbobi ke yi wanshekaren Layya a faƙon Tsarnawa, daga gawo zuwa gawo. Sau ɗaya na kalla, ban iya sakewa ba. Na ga ƙanena Usama cikin fijon babanmu. Na ga Mahfuz, ɗan Alhaji Tanimun mai manyan motocin siminti na Malbaza, ya wuce shi, ya kai gawo, ya fito har ya sha ruwa kafin Usama ya iso. Wannan bai dame ni ba, sabuwar mota ai ta fi tsohuwa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da Mahfuz ya zagaya bayan motar, ya karanta rubutun da Baba ya sa mai fenti ya yi, ya ce wa jama'a: "Gaskiya ta! Sannu ba ta hana zuwa, amma wagga sai ta kwan bisa hanya!" Aka bushe da dariya. Ka tuna ubansa ne ya ce, ranar sadakar ukun Baba, a kai motar wajen masu sayen ƙarfe. Ni ban manta ba.

A garajin da nake aiki a nan, sana'armu ke nan, ƙara wa mota gudu. Akwai wata iska da ake ɗurawa a kwalbar ƙarfe, ana ce mata nitro. A ɗaure kwalbar a bayan mota, a ja siririn bututu zuwa ƙarƙashin karburato, a sa maɓalli kusa da giya. In direba ya danna, iskar ta shiga tare da ƙarin esansi, wato man fetur, inji ya sami ƙarfin da bai taɓa sanin yana da shi ba, na ɗan lokaci kaɗan, gwargwadon daga gawon nan zuwa wancan. Na haɗa kayan duka cikin kwali, Hajiya za ta zo da su. Kwalbar babu komai a ciki don jirgi ba ya ɗaukar ta a cike, a Kano za a ɗura, na riga na yi magana da mai yi.

Na san motar nan ita ke ci da gidanmu. Da ita Usama ke yin Ƙonni zuwa Malbaza kullum, da ita Inna da Najiba matarsa da yaransu biyu ke sa tukunya a wuta. Shi ya sa ban yarda kowa ya taɓa ta ba sai kai. Ko da yake zumuntarmu ta ɗan yi nisa, mahaifiyarka da kakata ne ciki ɗaya, a hannunka na koyi riƙe makullin kwance inji, kuma ba a banza ake ce maka Ado Kunne ba. Sau ɗaya nake so rubutun Baba ya riga Mahfuz zuwa gawo. Sau ɗaya kawai, sai a cire kwalbar.

Ɗanka,
Sharifu

Birnin Ƙonni, 24 ga watan Azumi

Zuwa ga ɗana Sharifu.

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, alhamdulillahi. Azumin bana ya zo da zafi, gwiwa ma tana nata aikin, amma ana tashi. Kubura ta ce a yi maka godiyar turare. Innarka na gan ta ranar Laraba a kasuwa, ta yi kyan gani. Unguwarmu kuwa ta lalace. Lasifikar masallaci ta mutu, ba wanda ya damu ya gyara, ba don Kubura na tashe ni ba da na rasa sahur ya fi a ƙirga. Yaran zamani kuma sun koyi magana ciki-ciki, sai ka ce da goro a bakinsu, mutum ya yi ta cewa "me ka ce?"

Kwali ya iso, na buɗe, na baje kayan bisa tabarma na daɗe ina kallo. Aiki ne mai tsabta, ban ƙi ba. Amma ga ra'ayina, ko ka so ko ka ƙi. Motar nan ta girmi Usama. Sau biyu ina sauke injinta da hannuna, na san ta fiye da yadda na san wasu ƴaƴan dangi. Ubanka Bala, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin da shida yana tuƙa ta bai taɓa wuce tamanin ba, fasinja su yi ta tsaki yana murmushi. Yanzu kai kana zaune ƙasar Larabawa kana son tsohuwa ta yi tsalle. Mahfuz ya yi dariya, sai me? Dariya ba ta huda taya.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ina wurin ranar, kuma ni ma abin ya sosa mini rai. Ga Usama tun da ya ga kwalbar bai bar ni na huta ba, kullum in ya sauke fasinjan ƙarshe sai ya biyo ya shafa ta. Sannan labari ya zaga tasha. Inusa, mai sabon garajin nan na kan hanyar Illela, ya ce wai wannan aikin masu na'ura ne, ba na tsofaffin da ke kara kunne jikin ƙarfe ba. A gaban mutane ya faɗa, aka kawo mini. To zan ɗaura, ko don Inusa ya ga abin da bai iya ba.

Kwalba ta tafi Kano hannun wani direba amintacce. Ka rubuto mini yadda ake yi, dalla-dalla. Kada ka kira, ka san ni da waya.

Kawunka,
Ado Kunne

Sharja, 12 ga watan Ƙaramar Sallah

Zuwa ga Kawu Ado.

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya maimaita mana. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Nan lafiya lau. Na yi murna da takardarka har na karanta wa abokan kwanana wurin da ka ce dariya ba ta huda taya, wani ɗan Maraɗi ya ce zai sa a rubuta masa a bayan mota.

Ga yadda abin yake, Kawu. Iskar nan ba ta ƙonewa da kanta, hura wuta take yi, kamar zugazugin maƙeri. In ta shiga inji ba tare da isasshen mai ba, zafi zai yi yawa har fistan ya narke. Saboda haka mai shi ne farko. A cikin ƴar ambulan akwai jikler biyu, ƙananan ƙarafan nan masu huda. Mai jan zare na iska ne, mai baƙin zare na esansi. Kada a musanya, kada kuma wani ya ce zai ƙara wa na iska faɗi da allura. Ka duba famfon mai, in ya fara gajiya ka canza shi. Esansi kuma na gidan mai za a sha, ba na kwalaben bakin hanya ba, ko da wa ke sayarwa. Buji huɗun da na sako, wato filogi, ka sa su, an yi su don jure zafi. In an gwada, ka kwance su ka duba bakinsu. In ya yi kalar shayi da madara, lafiya. In ya yi fari, a tsaya nan.

Saura maganar wuta, ita ce ta fi damuna. Na san yadda muke saiti a gida, kai ka koya mini: a kwance delko, mai raba wa buji wuta, a tura wuta gaba kaɗan-kaɗan, a hau tudu da mota, har a ji inji ya fara ƙwanƙwasa, sannan a ɗan dawo baya a ɗaure. Da nitro ba haka ba ne. Mai yana kamawa da sauri ƙwarai, don haka dole wuta ta zo a makare. Ba gaba za ka tura ba, baya za ka ja, digiri huɗu daga alamar da masu ƙera motar suka yi jikin fulin gaban inji. In wuta ta riga lokacinta, za ta daki fistan yana kan hawowa, kuma da nitro dukan ba ya jan lokaci.

A cikin kwalin akwai wani ƙaramin akwati ruwan ɗorawa, fitilar saiti ce. Ka maƙala wayarta a igiyar buji na farko, ka ta da inji, ka haska fuli. Za ka ga alamar ta tsaya cak ko da yake tana juyawa, sai ka juya delko har ta zo inda na zana maka a bayan takardar nan. Don Allah, Kawu, wannan karon kada ka yi da kunne. Kunne ba zai ishe ka a nan ba. Ka yi da fitila.

A gaishe da Inna Kubura.

Ɗanka,
Sharifu

Birnin Ƙonni, 3 ga watan Zulƙida

Sharifu,

Salamu alaikum. Lafiyata ƙalau, daga kai har ƙafa, tunda na ga ana bincike a kanta. Mutanen gida ma lafiya.

Wa ya kai maka maganar kunnena? Innarka ce, ko Kubura ce ta saki baki a gidan biki? Ka faɗa mini sunan mutumin. Na karanta layin nan naka ya fi sau goma. "Kunne ba zai ishe ka ba." Ni ka rubuta wa haka, Sharifu? Shekara talatin da huɗu ina cikin garajin nan. Daga Illela ake kawo mini mota, daga Tawa, har daga Sakkwato an tsallako da ita. Na taɓa zama ina shan shayi, babbar mota ta wuce ta ƙetaren kwalta, na aika a tsai da direban a ce masa ba zai kai Tsarnawa ba. Bai ji ba, kuma bai kai ba. Kana wurin, kai ka wanke kofin da na sha.

Ranar da Bala ya kawo ka wajena, makarantar lakwal ta kore ka, ba ka san buji da ƙusa ba. Ni na kama kanka na kara shi jikin inji na ce saurara. Yau ka je inda ake gyaran mota da safar hannu, ka aiko mini da tocila ta koya mini aiki. Ɗan da ka goya ya ce ba ka iya tafiya ba, wannan ma wani abin gani ne a duniya.

Aikinka dai an yi. Kwalba ta dawo daga Kano a cike, na ɗaure ta da ƙarfe biyu, ko rami aka faɗa ba ta motsi. Jikler kowanne na wurinsa, ja na iska, baƙi na esansi, ba sai an maimaita mini ba. Famfon mai sabo na sa. Tanki na sauke na wanke shi tas, ka zo ka ga abin da ya fito daga ciki, ƙasar da ta isa shuka gero. Na hana Usama shan man kwalba, na ce in na kama shi ni da shi ne. Duk abin da ka rubuta mai ma'ana na bi.

Fitilarka tana cikin akwatinta bisa kabad. Kubura ta tambaya ko za ta yi a kewaye in an ɗauke wuta. Saitin wuta zan yi shi kamar yadda na saba, kuma zan ja baya tunda ka ce a ja. In ba ka yarda da ni ba, ka aiko a tura motar wajen Inusa, shi ne mai son kayan wasa.

Ado Kunne

Sharja, 20 ga watan Zulƙida

Zuwa ga Kawu Ado.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni tun da takardarka ta zo jiya ban ci abincin kirki ba.

Kawu, wallahi ba wanda ya kawo mini wata magana. Wace maganar kunne kuma? Ban san abin da kake nufi ba. In kalmata ta yi kaifi ka yafe mini, ni ba malamin rubutu ba ne. Abin da nake nufi shi ne ko maigidanmu na nan, da ya yi shekara ashirin yana wannan aiki, da fitila yake yi. Da nitro, kafin kunne ya ji ƙwanƙwasa har ƙafa ta saki totur, aikin gama ya gama. Kuma "a ja baya" ba daga inda inji ya fara kuka ake ja ba, daga alamar fuli ake ja. Tsakanin biyun akwai nisa.

Na kira wayarka ba ka ɗauka ba. Na kira Usama na ce ya tabbata an yi da fitila, ya ce to, amma na san irin "to" ɗinsa in maganar babba ce. Hajiya Hafsat ta wuce aikin Hajji, don haka na ba wani mutumin Tawa takardar nan, ya ce zai bi ta Yamai. Allah ya sa ta riga Sallah isowa.

In ba za ka taɓa fitilar ba, na roƙe ka, ka kwance kwalbar a bar tseren. Na haƙura da Mahfuz, ya yi ta dariyarsa. Motar ta fi.

Ɗanka,
Sharifu

Sharja, 13 ga watan Layya

Kawu Ado,

Salamu alaikum. An yi Sallah lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ba zan tambayi gwiwa ba yau.

Na ga bidiyon. Wannan karon ba mutum ɗaya ya turo mini ba, mutum shida ne, har da waɗanda rabona da su tun ina Ƙonni. Na ga an ɗaga tuta, na ga fijon Baba ta zabura har ta bar Mahfuz a baya tsawon mota biyu. Na miƙe tsaye a ɗakina ina ihu ni kaɗai. Ban gama ihun ba na ji ƙarar, sai farin hayaƙi, sai mota ta gangara a hankali ta tsaya tsakiyar fili, baƙin mai na zuba ƙarƙashinta. Ko rabin hanya ba ta kai ba. Na ga Usama ya fito ya dafa kai ya tsuguna. Na ga Mahfuz ya dawo da baya, ya sa igiya ya ja motar ubana har bakin kwalta, jama'a na tafa masa don ya yi halin kirki. Da dariyar bara aka sake yi, da ta fi mini sauƙi.

Usama ya kira ni yana kuka, mutum mai ƴaƴa biyu. Ya ce fistan biyu sun huje, kulas, wato kan inji, ta tsage, sandar fistan ta fasa jikin inji ta leƙo waje. Ni da kai mun san wannan ba gyara ba ne, sai wani injin, kuma irinsa yanzu sai an tona. Na tambaye shi fitila fa? Ya kama wata magana. Na sake tambaya, ya ce ba ta fita daga akwatinta ba.

Ni na aiko da kwalbar, wannan nawa ne, zan ɗauka har kabari. Amma na rubuta maka komai. Na zana maka da hannuna. Abu ɗaya na roƙe ka, abin da ba zai ci maka lokacin shan shayi ba, ka ƙi don kada a ce Ado Kunne ya riƙe tocila. Ranar Arfa da ranar Sallah sau goma sha ɗaya na kira wayarka, in ce maka a fasa. Sau goma sha ɗaya, Kawu. Tana ta ƙara, kana kallon sunana ka ƙi ɗauka, don kana fushi da yaron da ya wanke maka kofi.

Sunanka ka tsare, ka ba da motar marayu. Yanzu ka faɗa mini abin da Inna za ta sa a tukunya. Na daɗe ina faɗa wa mutanen nan cewa duk abin da na iya a wajen wani tsoho na Ƙonni na koya. Daga yau in sun tambaye ni labarinsa ban san abin da zan ce ba.

Sharifu ɗan Bala

Birnin Ƙonni, 6 ga watan Muharram

Zuwa ga Sharifu.

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai. Kubura ba ta jin daɗi kwana biyu, amma ta tashi. Innarka lafiya, na je gaishe ta sau biyu, ta amsa daga cikin ɗaki.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, ta lallashi da ta zagi. Mutumin Tawa ya tsaya biki a Yamai, ya manta da taka cikin jaka. Na karanta su bi da bi. Da ta farkon ta zo kan lokaci, ban sani ba ko da na ji maganarka. Ba zan rantse ba.

Bari in faɗa maka yadda aka yi. Saura kwana biyu Sallah muka fita gwaji hawan nan na kafin Malbaza, ba tare da an taɓa kwalba ba. Usama na tuƙi, ina gaba, Inusa na baya don ya ce yana son ganin ido. Na tura delko gaba, muka hau, ban ji komai ba. Muka sauko, na ƙara turawa, muka hau, shiru. Na ƙara na uku. Na ce a raina kai, injin Bala da sauransa. Sannan na dawo da shi baya kaɗan na ɗaure, na ce ga ja bayan da Sharifu ke so. A hawa na biyu Usama ya juyo ya dube ni. Na gyaɗa masa kai, ya mai da ido kan hanya.

Bayan abin ya faru, ga abin da ya faɗa wa innarka, ita ta faɗa wa Kubura, Kubura ta faɗa mini da ƙarfi a tsakar gida: "Na jiya, Inna, wallahi na jiya tun hawa na biyu, awa tsakuwa cikin gwangwani. Amma Kawu na zamne gaba bai ce komi ba. Shi da ad da kunne bai tanka ba, ni a wa?" Inusa ma ya ji. Da aka tambaye shi a tasha cewa ya yi: "Ni in ce ma Ado wuta ta yi yawa? Ca nike wata dubara ta wadda ban sani ba." Har mai shayin bakin garaji ya ce ya ji motar na ƙwanƙwasa da muka dawo. Duk wanda ke kusa da motar nan ya ji, Sharifu, in ban da ni. Kuma ni na koya musu cewa in maigida na sauraren inji ba a magana. Kai ma ka sha ranƙwashi a kan haka.

Lasifikar masallacinmu ba ta mutu ba. Yara ma ba su canza magana ba. Shekara biyu da rabi ke nan na je wajen lokotoro, likitan kunne, a Tawa, na ce wa mutane sayen kaya na tafi. Ya ce na hagu ya tafi, na dama saura rabi, kuma siraran sautuka su ke fara ɓacewa, irin ƙarar ƙarfe kan ƙarfe. Ya ce guduma da inji ne suka ci shi, ba ya dawowa. Kubura kaɗai ta sani. Tun lokacin da tafin hannu nake saiti, in dafa mota in ji rawarta, in haɗa da abin da na tuna. Motocin haya sun yi mini sutura, ba su tona ni ba. Da takardarka ta zo na ɗauka ka gano. Kubura ta ce, "Malam, hwaɗa mai, yaron ga ɗanka na." Na ce ta yi mini shiru. Na ga in na fito da fitilar nan a garaji, gaban Inusa da direbobi, ranar za a binne Ado Kunne, kuma ban san wani Adon da zai rage ba.

Satin da ya wuce na buɗe akwatin. Na gwada ta kan wata taksi, kamar yadda ka zana. Na ga alamar ta tsaya cak. Ruwan shayi bai tafasa ba na gama. Na zauna bisa benci na daɗe, mai taksi na tsaye yana jira.

Ka ce na tsare sunana na ba da motar marayu. Haka ne. Kai ma ka ce ka ɗauki naka, to ka riƙe shi da kyau. Motar da ke ci da mutum biyar ka aika wa kwalba don dariyar yaro guda. Bala ya sha dariya shekara ashirin da shida, kuma kullum ya kai Malbaza.

Usama ya sami aiki. Alhaji Tanimun ya zo da kansa ya yi jaje, ya ɗauke shi yaron mota a ɗaya daga cikin motocin simintinsa, ya ce in ya yi haƙuri shekara guda zai ba shi tuƙi. Yana wucewa ta gaban garaji da safe, zaune bisa buhuna, fari fat da ƙurar siminti. Yana ɗaga mini hannu. Da ya daina, da na fi samun sauƙi.

Fijo na nan ƙarƙashin dalbejiya, na rufe ta da tamfol. Masu sayen ƙarfe sun zo sau biyu na kore su. Na aika Illela da Sakkwato a nemo mini inji, har yau ba labari. In an samu, Inusa zai saurara, ni in riƙe fitila. Na riga na je na faɗa masa dalili, a garajinsa, gaban yaransa. Kwalbarka Hajiya za ta mayar maka in ta tashi.

Ka ce ka kira sau goma sha ɗaya. Kubura ta duba, ta ce sha ɗaya ne, ba ka ƙara ko ɗaya ba. Ban ga sunanka ba, Sharifu. Wayar tana aljihun rigata, rigar na rataye a ƙusa, taku biyu daga inda na wuni ina goge motar ubanka don ta yi kyau ranar tsere.

In kana da sauran magana gare ni, ka rubuto.

Ado